Wasiƙa daga Amurka: Hajiya na ta kira na Dakta, ni kuwa har yau ina aji

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, ya zafi, ya kuma tsadar kayan masarufi? Mu nan sanyi ne ke ta jibgar mu, ƙarfe biyar na yamma gari ya yi duhu kamar an idar da isha.

Tun ranar da na ɗora hoton kwamfuta da kofin shayi a sitatus na ce na koma makaranta saƙonni ke ta shigowa, wai ke ba kin gama ba ne, karatun me kuma, ko faɗuwa kika yi kike ɓoye mana. Hajiyarmu ita tuni ta yanke hukunci, tun da ta gan ni da farar riga da abin awon ƙirji rataye a wuya duk unguwa an san 'yarta Dakta ce, na yi bayani har na gaji. To bari in yi shi a rubuce ko na huta.

Ni ba likita ba ce. PA ce, wato mataimakiyar likita, kuma don Allah kar ku ɗauka mai riƙe wa likita jaka ake nufi. Ina duba mara lafiya, in tura shi gwaji, in faɗi abin da ke damun sa, in rubuta magani, in ɗinke rauni, amma lasisina a haɗe yake da aikin likita gwargwadon dokar jihar da nake. Asalin abin ma daɗi gare shi, a 1965 wani likita Eugene Stead a Jami'ar Duke ya ga ga ƙarancin likitoci ga kuma tsofaffin ma'aikatan jinya na sojan ruwa da suka san aiki amma ba takarda, sai ya ɗauki huɗu ya fara koyar da su. Mafi kusa da shi a Najeriya shi ne CHO, wato jami'in kula da lafiyar al'umma, a Gana kuwa sunan ma iri ɗaya ne, suna da nasu PA da ake horarwa a Kintampo, sai dai karatun ya bambanta da na nan.

Yanzu a Amurka ba ka zama PA sai da digiri na biyu. Sai ka fara da digirin farko mai ɗauke da anatomi da fiziyoloji da kemistiri da ilimin ƙwayoyin cuta, sannan yawancin makarantu su nemi shaidar ka taɓa aiki da marasa lafiya hannu da hannu, ni a gidan tsofaffi na tara nawa awoyin ina canza zanin gado da awon jini, ba wanda na gaya wa a gida lokacin. Mastas ɗin kansa wajen wata 27 ne ba dogon hutu. Shekarar farko aji ne zalla, safe zuwa yamma, jarabawa kusan kowane mako, ilimin magunguna kaɗai ya isa ya sa mutum ya rame. Daga nan a watsa ku asibitoci kimanin awa 2,000, yau kana ɗakin tiyata, wata mai zuwa wajen yara, sai awon ciki da haihuwa, sashen gaggawa, masu taɓin hankali, haka dai. In ka fito sai jarabawar ƙasa, PANCE, tambaya 300 cikin awa 5. Ka ci, hukumar NCCPA mai shirya jarabawar ta ba ka damar maƙala C a bayan PA, alamar kai mai takardar shaida ne, sannan jiha ta ba ka lasisi.

Nan ne nake so masu tambaya ta hanyar shigowa wannan aiki daga gida su nutsu. Ba a zama wannan jarabawa sai wanda ya gama makarantar da hukumar ARC-PA ta amince da ita, ko da kuwa cikakken likita ne a ƙasarsu. A ajinmu akwai wani bawan Allah daga yankinmu na Afirka ta Yamma, ya shekara da shekaru yana fiɗa a gida, wallahi wani abin shi ke gyara mana, amma haka ya zauna ya yi karatun daga farko har ƙarshe da bashin makaranta a wuyansa kamar kowa. Duk wanda ya ce ku turo kuɗi zai juya muku takardar CHO ko ta likita ta koma PA ɗan damfara ne, ku riƙe kuɗinku.

Kuma cin jarabawa ba shi ne an rabu da Bukar ba. Duk shekara biyu sai ka kawo shaidar ƙarin ilimi maki 100, duk shekara goma a sake jarraba ka. Yanzu sun ɗan sassauta, akwai tsarin da za ka riƙa amsa tambaya 25 duk wata uku daga ɗakinka, har littafi an yarda ka buɗe, sai dai minti biyar ce kowace tambaya, kafin ka gano shafin lokaci ya tafi.

To karatun da na koma fa? Tsofaffin PA da suka fito da digirin farko kawai, wasunsu mastas suke cikewa ta intanet suna aiki suna karatu. Mu masu mastas kuma akwai digiri na uku da ake kira DMSc, shi na koma yi, Jami'ar Lynchburg ta Virginia na cikin waɗanda suka fara shi a 2017, shekara ɗaya zuwa biyu ake yi. Sharaɗin shiga a yawancin makarantu dai mastas da shaidar cewa kai PA ne mai takarda. Ba a koya maka sabuwar tiyata a ciki, abin da ake yi shi ne yadda ake tantance bincike a gane na gaske da na bogi, dokokin lafiya, shugabancin asibiti, dabarun koyarwa, sai babban rubutu a ƙarshe. Nawa kan hawan jini ne a tsakanin baƙi 'yan Afirka, yadda mutanenmu ke ajiye magani da zarar kai ya daina ciwo su koma tafarnuwa da zoɓo, halin da na baro a gida shi na tarar a nan.

Abin dariyar shi ne, in na gama za a rubuta min dakta a takarda, amma ko allura ɗaya ba za a ƙara min a kan abin da lasisina ya yarje min ba, wasu jihohin ma irin Kalifoniya doka ta tsananta kan wanda ba likita ba ya kira kansa dakta gaban mara lafiya. Abokan aikina da yawa cewa suke asarar kuɗi ce, kuma ban ce sun yi ƙarya ba, in dai duba marasa lafiya kaɗai mutum zai yi har ritaya ban ga amfanin sa ba. Ni koyarwa nake hange, shi ya sa na daure.

Don Allah kar wanda ya kai wa Hajiya labarin takardar daktan nan tukuna, in ta ji ba mai sake iya gyara ta. Bari in tashi, akwai aikin da sai na tura kafin sha biyun dare, gobe kuma asubanci zan yi asibiti. A gaida kowa da kowa, a sa mu a addu'a.

Taku, daga Minnesota.