Daga Gadar Severn zuwa Cilmeri

Duk wanda ya taso daga Landan ko Bristol da mota ya nufi kudancin Wales, da wuya ya kauce wa ɗaya daga cikin gadoji biyu da suka ratsa bakin kogin Severn, inda kogin yake buɗewa ya gauraya da teku. Ta farkon Sarauniya Elizabeth ce ta buɗe ta a 1966, ta biyun kuma, wadda babbar hanyar M4 take bi ta kanta, ɗanta Yarima Charles ne ya buɗe ta a watan Yunin 1996. Wannan ta biyun ta shekara 22 ba a san ta da wani suna ba face gada ta biyu ta Severn, har zuwa 2018 da gwamnatin Birtaniya ta raɗa mata suna Gadar Yariman Wales, wato sarautar da Charles ke riƙe da ita a lokacin, lamarin da ya tayar da ƙura a faɗin yankin. Ganin wurin da ido ne ya sa na roƙi yayana, wanda ya daɗe yana aiki a Cardiff, babban birnin Wales, da ya zo ya ɗauke ni daga Bristol mu bi hanyar a tsanake, maimakon in hau jirgin ƙasa da ke wucewa ta ramin ƙarƙashin kogin ba tare da fasinja ya ga komai ba.

Mun fara tsayawa a Severn Beach, wani ɗan ƙauye da ke ɓangaren Ingila, domin gadar ba ta da hanyar masu tafiya a ƙasa, kuma wanda ke cikin mota ba ya samun damar ƙare mata kallo. Daga bakin gaɓa ana ganin yadda ta miƙa fiye da kilomita biyar a kan jerin ƙafafun kankare, sannan a tsakiyarta manyan ginshiƙai suka tashi sama riƙe da igiyoyin ƙarfe masu ɗauke da sashen da jiragen ruwa ke bi ta ƙarƙashinsa. Mun tarar teku ya janye, ya bar taɓo mai sheƙi da baƙaƙen duwatsu har nesa, kamar fadama bayan ɗaukewar damina. Yaya ya ce kada wannan ya ruɗe ni, domin tazarar da ke tsakanin cikar ruwa da janyewarsa a nan takan kai mita 14, tana cikin mafi girma a duniya, kuma cikin 'yan sa'o'i duk abin da muke kallo zai nutse.

Da muka hau gadar, allon da ke ɗauke da sabon sunan ya bayyana cikin Ingilishi da harshen Wales, Pont Tywysog Cymru, muka wuce shi cikin ƙiftawar ido. A can gaba, bayan an shiga ƙasar Wales, Yaya ya nuna mini filin da a da ake tsayar da motoci a karɓi kuɗin fito. Ya ce shekaru da dama ya yi yana biya duk lokacin da ya dawo daga Ingila, kuma abin da ya fi ci wa mutanen yankin tuwo a ƙwarya shi ne mai shiga Wales kaɗai ake caja, mai fita kuwa ya wuce kyauta. A 2017 ƙaramar mota tana biyan fam 6.70. Gadojin sun dawo hannun gwamnati a Janairun 2018, aka rage kuɗin zuwa fam 5.60, sannan aka soke shi baki ɗaya ranar 17 ga Disamban wannan shekarar. “Ka ga ni, ƙanena, da sunan wa aka saka da wanda ba a saka ba, aljihuna dai ya huta,” in ji shi yana dariya. Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, domin akwai 'yan asalin Wales da yawa da suke ganin soke kuɗin fiton ne abin da ya taɓa rayuwarsu, akwai kuma masu ƙaunar gidan sarauta da suka yi maraba da sunan.

Mun sauka daga babbar hanya muka bi ta Caldicot zuwa wani wurin shaƙatawa da ake kira Black Rock, inda ake hango gadojin biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama. A nan muka haɗu da wani dattijo da ya fito yawo da karensa, wanda da ya ji tambayar da nake yi wa Yaya sai ya sa mana baki cikin ladabi. Ya ce shi har gobe bai taɓa kiran gadar da sabon sunanta ba, kuma a iya saninsa mutanen garinsu “sabuwar gada” da “tsohuwar gada” kawai suke cewa. Abin da ya ɓata masa rai, a cewarsa, ba Charles ba ne a kan kansa. Yadda aka yanke hukuncin ne, aka wayi gari kawai aka ji sanarwa, ba a tambayi kowa ba.

Abin da ya faɗa ya yi daidai da yadda al'amarin ya gudana. A ranar 5 ga Afrilun 2018 ne Alun Cairns, wanda a lokacin shi ne ministan harkokin Wales a gwamnatin jam'iyyar Conservative ta Theresa May, ya sanar da sauya sunan, ya ce an yi ne don karrama Charles da zai cika shekara 70 da haihuwa, kuma ya cika shekara 60 da samun sarautar Yariman Wales. Ba a nemi jin ra'ayin jama'a ba kafin sanarwar. Leanne Wood, wadda a lokacin ita ce shugabar jam'iyyar Plaid Cymru ta masu kishin Wales, ta tambaya ko wasan yaudarar nan ne na ɗaya ga Afrilu ya zo a makare. Cikin ƙanƙanin lokaci mutum fiye da 30,000 suka sa hannu a takardar koke ta intanet, aka kuma yi zanga-zanga a Cardiff. Fushin bai tsaya a kan Landan ba, domin ya fito fili cewa tun kafin sanarwar an shaida wa Carwyn Jones, Ministan Farko na Wales a lokacin, ɗan jam'iyyar Labour, kuma bai nuna adawa ba. Gadar mallakar gwamnatin tsakiya ce, saboda haka majalisar Wales da ke Cardiff ba ta da ikon hanawa, amma masu koke suna ganin ko ba komai ya kamata ya buɗe baki. Duk da haka aka yi bikin raɗa sunan ranar 2 ga Yuli, Charles ya halarta, daga baya kuma aka gano cewa sauya allunan da sauran hidimar sun ci sama da fam 200,000.

Bahaushe zai iya mamakin wannan hayaniya, tunda a wurinmu sanya wa titi ko asibiti sunan sarki abu ne da ba ya ɗaga wa kowa gira. Sai dai sarkin da muke karramawa namu ne, daga cikinmu ya fito, kuma a nan ne lissafin Wales ya bambanta. Don in fahimci bambancin ne muka bar gaɓar teku muka nausa arewa ta Abergavenny da Brecon, cikin tuddai masu koren ciyawa cike da tumaki, har muka isa Builth Wells da la'asar, daga nan kuma muka ƙarasa ƙauyen Cilmeri da ke 'yan kilomitoci yamma da garin.

A gefen hanya, kan wani ɗan tudu, akwai dogon dutse guda da aka kafa a tsaye a 1956, babu ado a jikinsa, bishiyoyi sun kewaye shi. A kusa da nan ne aka kashe Llywelyn ap Gruffudd ranar 11 ga Disamban 1282, a yaƙinsa da Sarki Edward na Ɗaya na Ingila. Llywelyn ɗan ƙasa ne da ya riƙe sarautar Yariman Wales, har Ingila ta amince masa da ita a yarjejeniyar Montgomery ta 1267, kuma mutanensa suna kiransa shugabansu na ƙarshe. An sare kansa aka kai Landan aka kafe don jama'a su gani. Mun sauka wasu 'yan matakala zuwa wata ƙaramar rijiya da ke ƙasan tudun, wadda ake cewa a cikinta aka wanke kan. A gindin dutsen na ga busassun furanni da wata 'yar tuta mai zanen zakuna huɗu cikin ja da ruwan ɗorawa, an danne ta da tsakuwa don kada iska ta ɗauke ta. Kowace shekara a watan Disamba masu kishin Wales sukan taru a nan su tuna da shi.

Shekara 19 bayan kisan, wato a 1301, Edward ya naɗa ɗansa, wanda aka haifa a garin Caernarfon da ke arewacin Wales, Yariman Wales, kuma daga nan sarautar ta zama ta magajin gadon mulkin Ingila. Owain Glyndŵr ya yi yunƙurin ƙwato ta a tawayen da ya fara a 1400, ya ɗauki shekaru yana fafatawa kafin a murƙushe shi. Saboda haka idan mai kishin Wales ya ji an ce Yariman Wales, abin da yake ji shi ne rawanin da aka tuɓe daga kan wanda aka ci da yaƙi aka ɗora wa ɗan wanda ya ci shi. A ganina wannan ne ya sa zaɓen wurin ya fi zafi: gadar ita ce babbar ƙofar shiga ƙasar daga Ingila, kuma sunan farko da baƙo zai karanta kafin ƙafarsa ta taɓa Wales shi ne wannan.

Ba a kan gada aka fara wannan jayayya ba. Lokacin da aka yi bikin naɗin Charles a ganuwar Caernarfon ranar 1 ga Yulin 1969, shekara 11 bayan an ba shi sarautar, zukata ba su huce ba daga nutsar da ƙauyen Capel Celyn da aka yi a 1965 don gina madatsar da za ta shayar da birnin Liverpool, duk da cewa kusan dukkan masu wakiltar Wales a majalisar Birtaniya sun ƙi amincewa da dokar. A daren jajiberin bikin wasu mutum biyu suka mutu a Abergele bayan bam ɗin da suke ɗauke da shi ya tashi. Kafin naɗin an tura Charles jami'ar Aberystwyth ya yi zango guda yana koyon harshen Wales a hannun Edward Millward, wanda shi kansa jigo ne a Plaid Cymru. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ce ministan da ya sanar da sunan a 2018 bai san inda ya taka ba.

Adalci shi ne a faɗa cewa masu adawar ba su ne Wales gaba ɗaya ba. Yankin ya sami majalisarsa ne da ƙyar, da kashi 50.3 cikin ɗari a ƙuri'ar raba gardama ta 1997, kuma a ƙidayar 2021 kashi 17.8 ne kawai suka ce suna jin harshen ƙasar, mafi yawansu a arewa da yamma, nesa da Severn. Amma koken bai tsaya kan masu neman ɓallewa ba, kuma dattijon Black Rock bai yi mini kama da ɗan siyasa ba. Da an tambayi jama'a, wataƙila sunan Yariman ya yi nasara, wataƙila kuma a zaɓi wani ɗan ƙasa irin Aneurin Bevan, ɗan garin Tredegar da ya kafa hukumar lafiya ta Birtaniya a 1948. Rashin tambayar ne ya mayar da abin da aka so ya zama karramawa abin zargi.

A masaukinmu na Builth Wells, muna cin abincin dare, Yaya ya tuna mini cewa zancen ya sake tasowa a Satumban 2022. Kwana ɗaya da rasuwar Sarauniya, Charles ya sanar a jawabinsa na farko a matsayin sarki cewa ya ba ɗansa William sarautar, nan ma ba tare da an yi shawara da jama'ar Wales ba. Dubban mutane suka sake sa hannu a wata takardar koke, a watan Oktoba kuma majalisar gundumar Gwynedd, wadda Caernarfon ke cikinta, ta kaɗa ƙuri'ar neman a soke sarautar baki ɗaya. Har yau ba a yi wa William bikin naɗi irin na mahaifinsa ba. Washegari da sassafe muka kama hanyar A470 muka nufi arewa, domin Yaya ya ce idan ina son in ji yadda ake maganar nan a harshen masu ita, sai mun kai Caernarfon.