Kafin ki ajiye littafi ki tafi lokeshan

Ranar Asabar na je karɓar ɗinki a Zoo Road, na tarar da wata yarinya a bencin tela, ba za ta haura shekara sha tara ba, tana gaya wa ƙawarta a waya wai ita da makaranta sai wata rana. Wani furodusa ya ga bidiyonta a TikTok, zai saka ta a fim mai dogon zango. Da ta kashe wayar ta dube ni ta ce, "Anti, kamar na san fuskarki." Na ce eh, na yi fim tun ba a haife ta ba. Na ce, "'Yata, nawa ya ce zai ba ki, kuma a ina aka rubuta?" Ta yi dariya ta ce ai Alhaji mutumin kirki ne, ba a yi masa irin wannan maganar. Na fito jikina a sanyaye, domin ni ma da bakina na taɓa faɗa wa mahaifiyata haka.

Ni da wasan daɓe na fara. A lokacin Kano cike take da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, irin su Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa, kuma burin kowa bai wuce a nuna shi a gidan talabijin na CTV ko NTA ba. Tamu ƙarama ce, a ajin wata firamare muke rihazal bayan la'asar. Dattijon da ke koyar da mu yakan koma can ƙarshen ajin ya juya mana baya, ya ce in yi maganata. In bai ji ba, ko ya ji amma bai gane fushi nake ko roƙo ba, sai in sake, har maƙogwarona ya bushe. A daɓe babu wanda zai ce a yanke a sake ɗauka. In kika manta magana, jama'a na kallonki, dole ki san yadda za ki fitar da kanki da abokin wasanki. Duk abin da na iya a can na koye shi, kuma shi na fara rainawa da kuɗi suka shigo.

Tumbin Giwa suka fitar da Turmin Danya a 1990, harkar kaset ta buɗe. Kafin shekara goma rawa da waƙa sun mamaye komai, mujallar Tauraruwa ta raɗa wa masana'antar suna Kannywood. Ina ajin ƙarshe na sakandare aka ba ni fitowar farko mai tsoka, ɗaukar ta faɗo daidai lokacin jarrabawa, na zaɓi ɗauka. Na daɗe ina gaya wa mutane talauci ne ya sa. Akwai gaskiya a ciki: mahaifinmu ya rasu, Umma na tuyar ƙosai, sallamar farko da aka yi min buhun shinkafa na saya da ita, kuma har gobe ba na nadamar wannan buhun. Amma jarrabawar makonni kaɗan ce. Da na ce a jira ni, ko a jira ko a ba wata, wani fim ɗin zai zo. Abin da ya ja ni shi ne ranar da na bi ta kasuwar Bata na ga fuskata a fosta, mutane sun yi cirko-cirko suna kallo.

Ga yadda kuɗin ke tafiya, tunda ba wanda ya zaunar da ni ya gaya min. Furodusa zai buga kwalin kaset ya sayar wa 'yan kasuwar Bata da Ƙofar Wambai, su kuma su yi ta kwafar kaset suna zubawa a ciki. Kwalin nan fuskata ce a jikinsa, ita ake saye. Ni kuwa an riga an sallame ni tun a lokeshan, a bayan bas, an ƙirgo daga aljihu an ce "ki yi haƙuri da wannan, in fim ya fita za a gani." Fim ya fita, ya karɓu, ban ga komai ba, kuma ban tambaya ba don kada a ce na fiye son kuɗi a daina kirana. Wa zan kai ƙara, da wace takarda? Ko da yake a lokacin kowa haka yake yi, har manyan da suka girme ni, to ni wace ce da zan fito da sabon tsari. Abin da ya shigo hannu kuma leshi ya cinye, da gwal, da ankon biki, da 'yan uwa da ba na iya ce wa babu. Wata abokiyar aikina fili ta saya a bayan gari muna yi mata dariya. Yau a gidanta take kwana.

An dakatar da harkar a ƙarshen 2000 bayan an ƙaddamar da shari'a, aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, muka dawo. Dakatarwar 2007 ce ta karya ni. Aka tsayar da ɗauka na watanni, da yawa suka kwashe kayan aiki suka koma Kaduna, duk inda 'yar fim ta gifta sai an bi ta da magana. Na duba hannuna, ba takardar makaranta, ba sana'a, gwal ɗin ma ya fara tafiya. Sai na yi aure, ba don na shirya ba, don in huta da bakin mutane. Mutumin yarinyar cikin kaset yake so, ni kuma mafaka nake nema, kowannenmu ya cuci ɗan uwansa. Bisa al'adar masana'antar na bar fim. Da auren ya mutu na dawo, na tarar kasuwar faifai na mutuwa, sababbin fuskoki sun cika gari, ni kuma sai fitowa a uwa: sin biyu, a ba ki kuɗin mota. Da dattijuwar 'yar fim Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa a 2022 cewa naira dubu biyu zuwa biyar ake ba ta, aka yi ta musu, wasu furodusoshi suka ce sun biya ta fiye da haka. Ni ban shiga musun ba, kuka na yi.

Na zauna da niyyar rubuto shawarwari da yawa, amma da na auna ba su da yawa. Ki gama makarantarki. Fim ba ya gudu, an yi shi kafin ke. Kada ki tsaya gaban kyamara sai an rubuta nawa ne, yaushe za a biya, kashi nawa za a ɗauka, kuma a tashar wa za a ɗora shi a YouTube, domin yanzu can kuɗin yake, kuma mai tashar zai ci gaba da karɓa shekaru bayan an manta sunanki. Mutumin kirki ba ya jin haushin takarda.

Zuciyata na ce min in ce kada ma ki shiga, ki nemi wani abin. Amma ƙarya zan yi. In Allah ya ba ki baiwar, ba abin da zai zaunar da ke, kuma ban taɓa jin daɗin da ya kai na ranar da na sa zauren taro ya yi tsit ba. To ki shiga, amma ki koyi aikin. Abin da ke ƙona min rai da yaran yanzu kenan: yarinya za ta zo lokeshan ba ta karanta labarin ba, darakta na karanto mata magana tana maimaitawa, idonta na kan waya tana ƙirga mabiya. A gyara mata ta kumbura fuska. Ba ta san yadda ake shigowa ɗaki a gaban suruka ba, amma ta san wace kusurwa ce ke fito da hancinta. Mu ma mun yi rawar kai, na sani, amma aƙalla muna tsoron dattijan sana'a.

Batun aure kuma, ki yi in lokacinsa ya zo, kada ki yi shi don gudun zagi, kada kuma ki ce sai kin gama tashe, domin tashen ba ya sanar da ranar tafiyarsa. Ki yi rajista da hukuma da sanin iyayenki, ba a ɓoye ba. In an kira ki ɗauka a wajen gari, ki tafi da yayanki ko innarki, kuma kuɗin motar dawowa ya kasance a jakarki tun daga gida, ba a aljihun furodusa ba.