Bargon Damagaram a Sanyin Bokkos

A Damagaram ba a yi wa kwanan waje wani shiri. Tabarma ce da sange, ka shimfiɗa a kan yashi, asuba ta yi. Da wannan sanin na sauka Jos wajen kawuna, mai harkar dankalin turawa a kasuwar Farin Gada. Tun a makon farko aka fara gyara mini baki: sange ya koma gidan sauro, moto ya koma mashin, furno kuma kurfoti. Duk Hausa ce, amma sai na ce jika, wato kuɗi dubu ɗaya a bakinmu, mai shago ya tsaya yana kallona.

Aikin da Kawu ya ba ni shi ne bin ƙauyukan Bokkos da Mangu a kan mashin ɗinsa Boxer, in duba gonaki, in ƙulla ciniki kafin mota ta zo lodi. Wata fitar kwana biyu, wata huɗu.

Fitata ta farko a watan Agusta ce. Na ɗaure babban bargon da Inna ta saya mini, da tamfol irin na rufe tirela, da tukunya, da kurfoti, da jarkar ruwa mai lita 10, wato kilo 10 cif, duka a kan kariyar baya, sun yi tsiri sun wuce kafaɗata. Bayan Barikin Ladi na saki kwalta na kama wata hanyar gona mai hawa. Ina murɗa mai sai tayar gaba ta ɗaga, kan mashin ya yi sakayau a hannuna, muka kwanta cikin jan taɓo ni da kayan. Ruwa kuma ya sauko. Ruwan da Jos ke samu a shekara ya kai milimita 1,400, ya ninka namu fiye da sau uku, kuma ranar na ga inda yake zuwa: bargon nan ya sha ya ƙoshi, da ƙyar na ɗaga shi.

Dattijon da na je gonarsa ya dube ni, ya dubi kayan.

"Ɗana, ƙaura ka yi?"

"A'a Baba, kwana biyu zan yi."

Bai yi dariya ba, jikokinsa ne suka yi masa. Ya sa aka kawo buhunan dankali da babu komai ciki, aka jera su a rumfa, aka zuba busasshiyar ciyawa a kai. Ya ce a ƙasarsu sanyi daga ƙasa yake tasowa, wanda ya lulluɓe sama ya bar ƙasa bai yi komai ba. Tudun nan ya haura mita 1,200, ƙasa da dutse suna zuƙe ɗumin jiki dare guda. Mu da muka saba yashi ya riƙe mana zafin rana har tsakar dare, ina za mu sani?

Da na dawo, sikelin Kawu na ɗauko na riƙa auna komai. A gwanjon Katako na samu bargon jaka mai zif, kilo ɗaya da rabi, wanda ko ya jiƙe yana bushewa kafin azahar. Na haɗa da siririyar katifar roba wadda ruwa ba ya shiga, nauyinta bai kai na buredi biyu ba, kuma a duk kayana ita ce ba zan ba da aro ba. Tanti ma na saya, na yi asarar kuɗina: sanda ɗaya ta karye a kafi na biyu. Yanzu ƙaramin tamfol nake ɗaurewa daga mashin zuwa bishiya ko ginshiƙin rumfa. Dama ba a dokar daji nake kwana ba. Yankin ya sha rikici, baƙo kuma sai ya gaida mai unguwa, ya faɗi wanda ya zo wurinsa, sannan ya kwance kaya a tsakar gidan mutane.

Jarka ta koma gora biyu, tunda akwai rijiya ko famfo a hanya. Masu nauyi, wato sifanu da faci da famfon iska da filogi, suna cikin jakunkuna biyu a gefe, ƙasa-ƙasa, dab da bayan ƙafata. Marasa nauyi ne kawai ke hawa kariya, cikin leda mai kauri, ɗaure da tsohon tib da aka yayyanka. Igiya tana saki idan ta sha girgiza, roba ba ta yi.

Abu ɗaya muka yi gardama a kai. Kawu ya ɗaga ƙaramar butar shayina da ƙullin gawayi, ya ce, "Wannan fa, ba nauyi ba ne?" Na ce, "Kawu, a bar mini wannan." Na sauya kurfoti da ɗan murhun waya irin na Buzaye, wanda buta ke zama a ciki. Dattijon nan yanzu ko gaisuwa ba ma gamawa yake tura yaro ɗebo wuta, sai dai har yau kofi na farko yana yi masa ɗaci, na uku yake jira.

Bargon Inna yana nan a ɗakina a Unguwar Rogo. A watan Janairu, lokacin da ruwan alwala ke yanka hannu, ba ni da kamarsa.