Na yi wa bindigar farautata fentin kariya a gareji, sau biyu

Tsatsa ce ta sa ni wannan aiki. Kwana huɗu da dawowata daga farautar agwagin ruwa a fadamun da ke gefen Galveston, a jihar Texas, na zuge jakar bindigata na tarar jikinta ya yi ja. Na dawo ne a gajiye, na sa ta a jaka da danshinta, na ce gobe na goge. Ruwan wajen gauraye yake da na teku, gishiri gare shi, iskar Houston, garin da nake zaune, kuma ba ta rabuwa da laima. Da na murza da tsumma da mai jan ya fita, amma ya bar ƙananan ramuka kamar tabon ƙyanda, daidai inda nake riƙe ta in ina tafe. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Mahaifina maharbi ne a ƙasar Katsina. Tun ina yaro nake ganin yana tsoma gashin kaza a man keke yana bin adakarsa lungu-lungu kafin ya rataye ta, musamman in damina ta kama. Da wannan na tashi, shi ya sa shekara da shekaru nake ɗura wa tawa mai ba ƙaƙƙautawa. Kuma daidai ne, domin baƙin nan mai sheƙi da ake gani a jikin yawancin bindigogi ba fenti ba ne. Wata irin baƙar tsatsa ce da ake tayarwa da gangan a masana'anta, siririya ƙwarai, ba ta tare ruwa sai da mai a kanta. A ƙasar da hunturu ke busar da komai ta wadatar. A bakin teku kuwa sai a hankali.

A nan Amurka fentin kariya iri-iri ne. Akwai Cerakote na jihar Oregon, wanda nau'insa da aka fi sani sai an gasa shi kamar awa 2 a zafin digiri 120 na ma'aunin Celsius. Akwai DuraCoat na Wisconsin, da ake haɗawa da sinadarin sa tauri, iska ta busar da shi. Akwai Aluma-Hyde II da Brownells ke sayarwa a gwangwanin feshi. Na fara tunanin mai gashin, sai uwargida ta ce, "Maigida, a tandar da nake gasa wa yara burodi?" Gaskiyarta, hayaƙin sinadari ba abin haɗawa da abinci ba ne, kuma bututun bindigar mai inci 28 ma ba zai shiga ba. Na sayi ɗaya daga cikin masu bushewa da iska, irin mai haɗi biyu.

Wata Asabar na fitar da harsasai duka daga garejin, na duba cikin bindigar da ido da yatsa na tabbatar ba komai, sannan na wargaza ta ina ɗaukar hoto da waya don kada in rikice wajen mayarwa. Na goge da asiton, wato sinadarin cire maiƙo, sau ɗaya, na bi da samfefa, na rataye guntayen da waya, na fesa. Ramukan nan suna ta leƙowa, sai na yi ta ƙara musu fenti don su rufe, har ya fara zarara a gefe guda. Duk da haka ta yi kyau a ido. Bayan mako ɗaya lokacin farauta na gab da rufewa, na kasa haƙuri, na ɗauke ta zuwa fadama.

Kafin azahar fentin ya fara tashi. Ya fara daga gindin siririn ƙarfen saiti da ke bisa bututu, sai kewayen ƙusoshin da ke riƙe da kunama. In ka sa farce sai ya ɓare kamar ɓawon albasa, ƙarƙashinsa kuma yana maiƙo.

Akwai wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da muke sallar Juma'a tare, ya daɗe yana fentin mota a garin nan. Na kai masa bututun. Ya kankare ɗan wuri, ya shafa yatsa, ya shinshina. Ya ce, "Ɗana, fentinka ba shi da laifi. Mai ne." Na ce, "Baba, ai na goge da asiton." Ya ce gogewa saman kawai take ɗauka. Man da na shekara ina zubawa ya shige kowace mahaɗa, ya kwanta a ramukan kusoshi da ƙarƙashin ƙarfen saiti, da rana ta ɗumama ƙarfen sai ya tsattsafo ya ɗaga fentin daga ƙasa. Ya kuma nuna mini wani tabo zagayayye a gefe, ya ce in ɗora babban yatsana. Daidai wa daida. Nan na riƙe da hannu tsirara sanda nake ratayewa.

Aiki na biyu ya ci mini fiye da wata, feshin kansa kuwa bai kai minti ashirin ba.

Na cire tsohon fentin kaf. Na samo doguwar tasar ƙarfe, don asiton yana cin wasu robobi, na jiƙa guntayen rabin awa a tsakar gida nesa da wuta. Ruwan da na zuba fari tas ya koma kalar shayi. Bayan sun bushe sarai, na kawar da asiton ɗin, na ɗumama ƙarfen da na'urar hura iska mai zafi, ba zafi sosai ba, domin a wasu bindigogin da dalma ake liƙa ƙarfen saiti. Nan na ga abin da dattijon ya faɗa da idona. Wani siririn layi mai duhu ya fara bayyana a bakin mahaɗar, yana faɗaɗa a hankali kamar gumi a goshin mai noma, yana walƙiya in na karkata shi wajen fitila. Ƙarfen da na rantse ya fita tas. Na sake jiƙawa, na sake ɗumamawa. Sai a karo na uku layin bai fito ba.

Daga nan muka je wajen aikinsa, ina tsaye ya bi guntayen da injin feshin yashi. Garin alminiyon mai kaifi ya zuba, ya ce ƙwayoyin gilashi da wasu ke zubawa sulɓi suke sa ƙarfe, shi kuwa fenti kaushi yake nema ya kama. Tun daga wannan lokaci ban sake taɓa su ba sai da safar hannu sabuwa, kuma washegari na yi feshin, don ƙarfe tsirara a Houston ba ya kwana biyu bai yi ja ba.

Rufe wuraren da ba a son fenti ya taɓa shi ne aikin natsuwa. Na toshe bakin bututu da gindinsa, na rufe layukan murɗi irin na ƙusa da ke cikin bakin, da duk inda ƙarfe ke zamewa bisa ƙarfe. Kaurin da ake so bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na inci ba, bai kai silin gashi ba, amma a wajen da aka auna tsaf ko wannan yana iya sa abu ya cije. Sai lambar bindiga. Tun dokar 1968 ake tilasta buga lamba a jikin bindigogi a Amurka, kuma riƙe wadda aka shafe lambarta laifi ne a dokar tarayya, don haka na bi ta wajen da sauƙin hannu, ta fito raɗau. Haka kuma taka ce kawai za ka yi wa. Mai son mayar da shi sana'a yana karɓar na mutane sai ya nemi lasisin gwamnatin tarayya.

Abin da nake roƙon kowa kada ya yi wasa da shi shi ne numfashi. Sinadarin sa taurin da ke cikin irin wannan fenti yana iya jawo asma, takunkumin ƙyalle kuma ba ya tare shi. Na sayi na roba mai matatai biyu, na wangale ƙofar gareji, na kashe wutar tukunyar ɗumama ruwa mai aiki da gas da ke kusurwa, wadda a karon farko ko tunawa da ita ban yi ba. Allah ne ya kiyaye.

Na dace da rana, iskar arewa ta sauko ta share laimar. Na tsaya tazarar taƙi guda, ina fara feshi kafin in iso kan ƙarfen, in saki bayan na wuce shi. Shafi na farko kamar hazo, ana hango ƙarfen ta ciki. Na jira 'yan mintoci na ƙara, har sau huɗu. Ramukan tsatsar suna nan in ka duba da kyau, na bar su. Fentin yana bushewa a taɓa cikin awa guda, amma taurinsa ba ya cika sai mako uku zuwa huɗu, don haka na rataye su na ja ƙofa. Lokacin farauta ya riga ya wuce, wannan ya taimake ni.

Da na zo haɗawa ƙusa ɗaya ta ƙi shiga, sai da na kankare ɗan fentin da ya leƙa raminta. Yanzu farauta biyu ke nan. Gefen tagar da kwanson harsashi ke fita ya fara nuna farin ƙarfe, sauran jikin kuwa ruwan gishiri ya sha zuba a kai bai yi ja ba. Cikin bututu da kayan kunama ba fenti, har yau ina goge su a daren da na dawo, komai gajiya.

Kwanaki na nuna wa mahaifina ita ta kiran bidiyo. Ya daɗe yana kallo, ya ce in juya ta, na juya. Sannan ya ce, "To yanzu ina kake sa mata man?" Na buɗe ta na haska masa cikin da fitilar waya, ya ga yana sheƙi, ya gyaɗa kai ya ce madalla.