Kano Zuwa Kumasi Ta Ƙasa: Boda Uku Da 'Yar Na'urar Intanet A Aljihu

Ɗaurin auren ɗan'uwanmu ne ya kai mu Kumasi, kuma ta ƙasa muka bi, don kuɗin jirgin mutum biyar ya fi ƙarfinmu. Ni da Kawu, da Gwaggo, da ƙanwata, da wani yaron shagon Kawu. Tun kafin mu tashi aka ɗora mini alhakin waya da intanet, saboda Kawu ba zai iya wuni ba tare da ya ji halin da shagonsa na Kantin Kwari yake ciki ba, Gwaggo kuma ta bar jikoki a gida.

Na yi lissafi na ga idan kowa zai sayi layi a kowace ƙasa, za mu ƙare a bin layin rajista da fasfo a hannu. Ga kuma wata matsalar: saƙon banki da lambar tabbatar da tura kuɗi a layin gida suke shigowa, ba wanda zai yarda ya cire nasa. Shi ya sa na nufi kasuwar waya ta Farm Centre na nemi mifi, 'yar na'urar nan da ba ta fi sabulun wanka girma ba, wadda ake sa mata layi ɗaya ta raba intanet ga wayoyi har goma.

A nan ne wanda zai yi irin tafiyarmu ya kamata ya buɗe ido. Iri biyu ake sayarwa. Akwai mai tambarin kamfanin sadarwa a jiki, mai araha, har da kyautar data, amma a kulle take, layin kamfanin kaɗai take karɓa. Akwai kuma buɗaɗɗiya, wadda ba ruwanta da layin wa aka sa mata. Mai shagon ya yi ta tura mini mai arahar, na ce masa ƙetare zan yi. Sai ya ɗauko buɗaɗɗiyar ya ce naira 38,000. Muka yi ta ja, na tashi na kai bakin ƙofa ya kira ni, muka daidaita a 30,000. Ban biya ba sai da ya gwada layuka biyu na kamfanoni daban-daban a gabana, kowanne ya kawo 4G. Na haɗa da fawa-banki, don batirinta ba ya kai wuni idan mutane da yawa suna kai.

Kano zuwa Legas ba wani labari, zama ne kawai da ciwon baya. Labarin ya fara ne daga Badagry zuwa Seme. Ban taɓa ganin shingaye a jere haka ba, kafin direba ya sa giya ta uku an sake tsayar da shi. A ɗaya daga ciki wani jami'i ya leƙo ya hango na'urar a cinyata tana ƙyafta fitila. Ya ce in sauko. Ya juya ta, ya ɓalle murfin baya, ya zare batirin, yana tambaya da tsawa wa nake bibiya da ita. Na yi masa bayani, na nuna masa rasit. Bai ko kalla ba. Ya karɓi fasfona ya jefa a kan benci, ya juya mini baya yana hira da abokin aikinsa. Kowa ya san abin da yake jira. Kawu ya sauko a hankali da carbinsa, ya yi masa sallama, ya ce: "Yallaɓai, yaron nan ɗana ne, biki za mu je. In akwai laifi a faɗa mana, in babu a sallame mu, rana tana yi." Ko kunyar furfura ce ta kama shi, ko ganin mutane sun fara taruwa, ya turo mini kayan da bayan hannu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu cewa ɗan yankin yana da 'yancin shiga ƙasar maƙwabta har kwana 90 ba biza, amma a kan wannan hanya sai ka ji kamar alfarma ake yi maka, kuma tun ba ka bar ƙasarka ba. Ginin bodar Seme-Krake kansa, wanda shugabannin ƙasashen biyu suka buɗe a 2018, ba laifi. Aka duba fasfo da katin rigakafin shawara, aka buga hatimi.

Muna ƙetarawa sabis ɗin gida ya fara ja da baya, can ya ɗauke. Wata baiwar Allah 'yar kasuwa da ke kujerar bayanmu ta sayi layin Benin nan take a bakin boda, ta sa a tata mifin, na'urar ta ƙi karɓa, tana neman lambar buɗewa. Kullalliya ce. Ta yi ta kashewa tana kunnawa, har ta fara share hawaye, don wanda zai tarbe ta da kaya a Kwatano ta WhatsApp kawai suke magana. Da muka isa Kwatano na sayi namu layin na sa, Gwaggo ta ce: "Ɗan nan, ba ta lambar sirrin mana ta kira mutuminta." Kafin minti biyu ta same shi. Ta bi mu da addu'a har muka rabu.

Layin Benin ɗin a unguwar Zango ta Kwatano na saye shi, wajen wani saurayi mutumin Dosso da ke da 'yar rumfa kusa da babban masallaci. Jin Hausa a bakinsa ya sanyaya mini zuciya, don tun daga boda Faransanci ake yi mana muna gyaɗa kai. Ya yi rajista da fasfona, sannan ya nuna mini dabarar da ta yi mana amfani har ƙarshen tafiya: a fara sa layin a waya, a sayi data da lambobin da ake dannawa, a tabbatar ta shiga, sannan a mayar da shi cikin na'urar. Da aka mayar fitila ta kawo amma intanet bai zo ba. Ya karɓi wayata ya shiga shafin sarrafa na'urar, ya gyara abin da ake kira APN, wato adireshin da layi yake bi ya shiga intanet na kamfaninsa, sai ga saƙonni suna ta shigowa wayoyinmu gaba ɗaya. Na tambayi kuɗin aiki, ya ce: "Haba babban yaya, baƙo ne kai." Har ya ƙara mini da adafta, don soket ɗin Benin da Togo mai rami biyu zagayayyu ne irin na Faransa, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga. A Kano wannan 'yar gyarar sai an caje ka, wani ma ya shige da na'urar ciki don kada ka ga abin da ya taɓa.

Kwatano ta burge ni da 'yan acaɓanta masu rigar rawaya da lamba a baya, da hular kwano a kan kusan kowa. Amma sefa ta nuna mana halin da naira take ciki. Ɗan canji ya miƙo mana 'yan takardu kaɗan a madadin damin da muka ba shi, Kawu ya daɗe yana kallon hannunsa. Mun yi ta kuka a gida lokacin da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a farkon 2025, amma da na mayar da kuɗin datar da na saya a can zuwa naira, na ga tamu har yanzu da sauƙi. Da a ce mutum biyar ne kowa ya sayi tasa, da guzurin ya girgiza.

Togo ba mu sayi layi ba. Gaɓar tekunta 'yar kilomita 50 da ɗoriya ce, bodar Aflao kuma a gefen birnin Lome take. Mun dai mayar da agogo baya da awa ɗaya.

A Accra, unguwar Nima muka sauka, gidan wani dattijo abokin Kawu tun zamanin fataucin goro. Ban san yadda zan kwatanta karamcin mutumin nan ba. Ya bar mana ɗakinsa ya koma na 'ya'yansa. Da asuba koko da ƙosai, da hantsi shinkafa da wake irin tasu mai jan launi da yaji baƙi, da dare tsire. Da na ce zan fita neman layi, ya ce: "Zauna, ɗana. A nan sai da katin ɗan ƙasa, kai kuma baƙo ne, za su wahalar da kai." Tun 2021 Ghana ta fara haɗa layukan waya da katin ɗan ƙasa, kamar yadda aka yi mana da NIN daga ƙarshen 2020. Ya shiga ɗaki ya ɗauko wani layinsa da ba ya amfani da shi, ya tura masa data daga asusun kuɗin wayarsa, ya hana ni biya. Wannan tsari nasu na MoMo ya shiga ko'ina, mai koko ma da shi ake biyanta. Mu a gida sai tiransifa ta banki da jiran alat, ko neman mai POS.

A gidan nan ne na fahimci cewa raba intanet ma yana da ladabinsa. Daren farko na ba yaran gidan lambar sirri, don ba ta yiwuwa ka ci tuwon mutum ka hana 'ya'yansa. Kafin gari ya waye datar ta ƙare ƙaf. Na duba shafin na'urar na ga wayoyi goma cif a kai, har da waɗanda ban san masu su ba. Lambar ta zaga maƙwabta. Kuma ba duka laifin yara ba ne: waya tana ganin wayfai sai ta ɗauka na gida ne marar iyaka, ta shiga sabunta manhajoji da tura hotuna ma'ajiya ba tare da ta tambayi kowa ba. Wayar Gwaggo kaɗai ta sauke bidiyon da aka tara mata a rukunin 'yan'uwa tun daga Legas. Abin da ya taɓa ni shi ne yadda mai gidan ya ɗauki maganar. Ya tara yaran ya yi musu faɗa a gabanmu, babban cikinsu ya zo ya durƙusa ya ba ni haƙuri, ya kuma je ya sayo wata datar da kuɗinsa. Na canza lambar sirri, na bi wayoyinmu ɗaya bayan ɗaya na kashe saukewar kai-tsaye, na nuna wa kowace waya cewa wannan intanet na awo ne. Daga nan bidiyo sai da izini.

Mutanen Ghana suna da haƙurin bin layi da ban saba gani ba. A tashar motocin haya da suke kira turoturo kowa yana tsaye a bayan wani, ba ture-ture. Amma kayansu da tsada. Na leƙa kasuwar waya ta Circle don kwatance, na tarar da irin na'urata sak, da na lissafa sidi, kuɗin Ghana, zuwa naira ta haura abin da na biya a Farm Centre nesa ba kusa ba, kuma ba sa sakin farashi kamar 'yan kasuwarmu. Duk mai niyyar wannan tafiya ya sayi tasa tun daga gida. Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda muka yi ta, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, daga harabarsa Kawu ya kira iyalinsa ta bidiyo yana juya waya su ga hasumiyoyin.

Daga Accra zuwa Kumasi tafiyar kilomita 250 ce ko kusa da haka. A Aboabo aka ɗaura auren. Na sa na'urar a aljihun gaban riga, ƙanwata ta riƙe waya, Kakarmu da ba ta iya tafiya ta ji siga da fatiha daga ɗakinta a Kano, ta sa albarka kowa yana ji. Gwaggo ta ɓace mana a kasuwar Kejetia, don da ta yi nisa da aljihuna intanet ya bar wayarta, tunda na'urar ba ta wuce 'yan taku. Wata mai sayar da atamfa ce ta rako ta har inda muke.

A dawowa mun mayar wa dattijon Nima layinsa, muka sake loda na Benin a Kwatano. Shingayen Badagry suna nan yadda muka bar su, sai dai wannan karon na'urar tana can ƙasan jaka, a kashe.