Saƙon Godiya Bayan Walimar Ɗaliban Ajin Larabci na Unguwarmu a Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya nuna mana ranar Asabar da ta gabata lafiya, ranar da muka yi walimar rukunin farko na yaran da suka cika shekara 3 a ajin Larabci na Islamiyyar unguwarmu a nan Bolari, cikin garin Gombe. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Na rubuta wannan saƙo ne saboda a wajen taron lokacin sallar La'asar ya riske mu ina tsakiyar jawabi, na ajiye takardata ban kai ga rabin waɗanda suke da haƙƙin godiya a kaina ba, kuma abin ya tsaya mini a rai tun daga wannan yammacin.

Waɗanda suka san yadda ajin ya samo asali za su tuna cewa wata tambaya ce ƙarama ta haifar da shi. Wata rana ina karɓar hadda, wani yaro mai ƙwazo da ya riga ya haddace izu 10 ya karanta mini Fatiha da murya mai daɗi, ba gyara ko ɗaya, sai na tambaye shi ma'anar "Iyyaka na'abudu wa iyyaka nasta'in". Ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, domin ba wanda ya taɓa koya masa, amma na koma gida ina tunanin cewa wannan yaro yana maimaita wannan ayar aƙalla sau 17 kowace rana a cikin sallolin farilla, yana ɗaukar wa Ubangijinsa alkawari mafi girma, alhali bai san abin da bakinsa yake furtawa ba. Allah ya ce a aya ta 2 ta Suratu Yusuf ya saukar da shi Alƙur'ani na Larabci domin mu hankalta, kuma a ganina haƙƙin yaranmu ne a buɗe musu ƙofar wannan hankaltar tun suna ƙanana, lokacin da harshe yake da taushi kuma ƙwaƙwalwa ba ta cika da hidimar duniya ba.

Godiyata ta farko bayan ta Allah tana ga Alaramman makarantar allon unguwarmu, Allah ya gafarta Malam. Da muka fara, akwai masu raɗe-raɗin cewa mun zo ne mu raba shi da almajiransa, kuma da ya so ya saurare su da ajin bai yi wata guda ba. Maimakon haka shi da kansa ya tako har makaranta, ya zauna a kan tabarma ya saurari darasi tun daga farko har ƙarshe, sannan ya sauya lokacin karatunsa na ranar Asabar da Lahadi domin yara su samu halarta. Duk yaron da ya zo mana daga hannunsa ya zo ne ya riga ya wuce babbaƙu da farfaru, ya san wasalin sama da na ƙasa da rufu'a da ɗauri, hannunsa ya saba da alƙalami da tawada, saboda haka a kan ginin da ya riga ya kafa muka ɗora. Har ma shi ya warware mana wata matsala da ta so ta ruɗa yaran, domin a allo da rubutun Warshu suka saba, inda harafin fa yake da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, alhali littattafan da muke karantarwa da su suna sa wa fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf kuma ɗigo biyu. Yaro sai ya ga fa a littafi ya karanta ƙaf. Alaramma ya ɗauki allo ya rubuta haruffan biyu ta kowace hanya, ya rataye a bangon aji, ya gaya wa yaran cewa duka biyun rubutun Musulmi ne, kada wani ya raina wani. Allon nan yana nan rataye har yau.

Ina miƙa godiya ga malamai biyar da suka riƙe ajin, maza uku da mata biyu, waɗanda abin da ake ba su a wata bai kai kuɗin zirga-zirgarsu ba, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ɗaga maganar ba. Su ne suka ga cewa hanya mafi sauƙi ita ce a fara nuna wa yaro Larabcin da yake bakinsa tun bai sani ba. Darasin farko da suka yi shi ne na ranakun mako, suka nuna wa yara cewa Lahadi da Litinin da Talata da Laraba da Alhamis ƙidaya ce ta Larabci daga ɗaya zuwa biyar, kuma ashirin da talatin da arba'in har zuwa casa'in duk daga can suka zo, haka ma alƙalami da darasi da lafiya da alƙali da labari da lokaci. Na ga yadda fuskokin yaran suka washe a ranar, domin harshen da suke jin tsoro ya zama ɗan gida. Bambanta namiji da mace bai ba yaran da suka tashi da Hausa wahala ba, tunda mu ma muna da ka da ki, muna da shi da ita, kamar yadda Larabci yake da anta da anti, da huwa da hiya. Waɗanda suka ɗan sha wuya su ne yaran da Fillanci ya fi ƙarfi a gidajensu, saboda Fillanci ba ya raba namiji da mace a wakilin suna, sai ɗaya daga cikin malamai mata, wadda ita ma Bafullatana ce, ta riƙa tsayawa da su bayan an tashi har suka kamo 'yan uwansu. Abin da ya gagari kowa a farko shi ne musanna, wato sigar abu biyu, wadda babu irinta a Hausa, kuma sai da aka yi makonni ana ɗaga alƙaluma biyu da littattafai biyu a gaban aji kafin ta zauna.

A shekara ta uku aka shiga Ajurrumiyya, ɗan ƙaramin littafin nahawun nan na Ibn Ajurrum, mutumin birnin Fas a Maroko wanda ya rasu a shekara ta 723 bayan Hijira, littafin da kakanninmu suka yi ta karantawa a zaure. Amfanin wannan karatu shi ne abin da kuka gani da idanunku ranar walima, lokacin da wata yarinya 'yar shekara 12 ta tsaya ta karanta "Innama yakhshal Laha min ibadihil ulama'u" daga aya ta 28 ta Suratu Faɗir, ta bayyana cewa sunan Allah ya zo da wasalin sama saboda shi ake jin tsoro, kalmar ulama'u kuma ta zo da rufu'a saboda malamai su ne masu jin tsoron, sannan ta ce duk wanda ya musanya wasulan nan biyu ya juya ma'anar gaba ɗaya. Mahaifinta yana zaune a sahun gaba, na ga ya sa gefen babbar rigarsa yana share ido. Yaron da na yi wa tambaya a kan Fatiha shi ma yana cikin waɗanda aka yaye, kuma shi ya yi bayanin dalilin da ya sa aka gabatar da iyyaka a kan na'abudu, cewa gabatarwar ce take ba da ma'anar "Kai kaɗai".

Ba zan iya wucewa ban ambaci jarrabawar da ta same mu a daminar bara ba. Duk mazaunin Gombe ya san yadda ruwa yake gangarowa ta kwaruruka idan an yi ruwan sama mai ƙarfi, kuma a wani dare irin wannan ruwa ya ci gindin katangar azuzuwanmu biyu ta faɗi, ya shiga akwatin da muke ajiye littattafai. Da asuba na tsaya a cikin laka ina kallon rufin da ya karkace, a zuciyata na ɗauka karatu ya tsaya ke nan sai bayan damina. Kafin hantsi wani dattijo maƙwabcinmu, wanda duk unguwa muke kira Baba, ya aiko jikansa ya kira ni, ya ce mini, "Malam, zaurena da rumfar ƙofar gida naku ne har ku gama gini, kada yaran nan su rasa ko rana ɗaya." Wata 4 muka yi a gidansa, shi yana karɓar baƙinsa a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, iyalinsa suna haƙuri da hayaniyar yara safe da yamma. Matan unguwa kuma suka rarraba jiƙaƙƙun littattafan a tsakaninsu, suka shanya su a kan tabarmi da igiyoyin shanya, suna buɗe su shafi bayan shafi don kada su manne, wasu har da dutsen guga na gawayi suka bi takardun ta bayan ƙyalle. Da yawa daga cikin littattafan da yaran suka riƙe ranar walima suna ɗauke da tabon ruwan nan, kuma na hana a sauya su. Ina gode wa maginin da ya yi aikin bai karɓi kuɗin hannunsa ba, da kafintan da ya gyara bencina, da 'yan kasuwar da suka kawo siminti da kwanon rufi suka roƙe ni kada in faɗi sunayensu. Baba bai ga wannan walima ba, domin Allah ya karɓi abinsa kafin azumi. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan saƙo ya yi masa addu'a, Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa kowane harafi da aka karanta a zaurensa ya zama haske gare shi.

Iyaye mata suna da kaso mai girma a wannan godiya. Na san gidajen da tallar yamma take rufa musu asiri, amma uwa ta haƙura da ribar ta turo 'yarta aji, kuma na san wata baiwar Allah da take sa 'yarta ta maimaita mata darasin kowace rana bayan Isha'i, har ita ma ta fara gane wasu kalmomi idan ana karatu a rediyo. Wannan gado ne da muka tarar, domin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma tura jajis, wato malamai matan da ta horar, zuwa ƙauyuka suna karantar da mata a gidajensu. Haka Modibbo Bubayero da ya kafa wannan masarauta ta Gombe almajirin Shehu Usmanu ne kafin ya karɓi tuta, kuma ƙanen Shehun, Malam Abdullahi na Gwandu, ya wallafa Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu, wato ilimin yadda ake sarrafa kalmomi, duka a waƙe. Saboda haka idan yaron Gombe ya koyi Larabci, harshen da magabatansa suka yi shari'a da wasiƙa da wallafa da shi ne ya koma wa.

Wasu iyaye maza sun tambaye ni, cikin kyakkyawar niyya, ko wannan karatu zai kai yaro ga abin yi. Amsar da na ba su ita ce hanya a buɗe take, tunda akwai jarrabawar NBAIS, hukumar ƙasa mai kula da karatun Larabci da addinin Musulunci, da ake shiga jami'a da ita, akwai kuma sassan Larabci a jami'o'i da kwalejojin ilimi, sai dai mu ba don wannan muka kafa ajin ba, mun kafa shi ne domin yaro ya san abin da yake faɗa idan ya tsaya gaban Ubangijinsa. Ina kuma roƙon iyaye su taya mu kula da abu ɗaya. Shekara 3 ba ta mayar da yaro malami, kuma ɗan nahawun da suka samu bai ba su izinin fassara Alƙur'ani da ra'ayinsu ko yanke hukunci ba, ballantana su riƙa yi wa manya gyara cikin rashin ladabi. Mun sha gaya musu haka a aji, to idan kuka ga alamar girman kai a gida ku sanar da mu tun da wuri.

Ina gode wa Mai Unguwa, ransa ya daɗe, da Limamin masallacinmu da ya buɗe taro da addu'a, da malamin da ya yi jawabi, da 'yan agaji, da matasan da suka kafa rumfuna suka jera kujeru tun bayan Asuba, da matan da suka kwana suna suyar masa da haɗa zoɓo da kunun aya. Waɗanda suka zo ba su samu wurin zama ba, da waɗanda abinci bai kai gare su ba, musamman a ɓangaren mata inda jama'a ta fi yadda muka yi tsammani, ina ba su haƙuri, kuskuren lissafin nawa ne, su yafe mini don Allah.

Waɗanda aka yaye za su ci gaba da zuwa ranar Lahadi da safe domin a fara musu sarfu. Sabon rukuni kuma zai fara bayan hutun mako 2 in sha Allahu, kuma sharaɗin shiga shi ne yaro ko yarinya ya iya haɗa baƙi da wasali. Wanda ba shi da halin sayen littafi ya turo ɗansa haka nan, domin iyayen waɗanda suka gama sun yi alkawarin dawo da littattafan shekarar farko a raba wa na baya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.