Laraba: ƙarar loka da hukuncin ofis

Tun bayan azahar nake kan kashi uku na shirin Glee, waɗanda tashar Fox ta Amurka ta haska ranakun 9, 16 da 23 ga Nuwamban 2010, ina tsayar da hoto ina komawa baya. Abin da nake bi shi ne yadda aka gina labarin Kurt, ɗalibin sakandare mai sha'awar jinsi ɗaya, da Karofsky, ɗan ƙwallon makarantar da ya sa shi a gaba. A Satumban shekarar jaridun Amurka sun cika da labaran matasan da suka kashe kansu bayan irin wannan tsangwama, a watan ne kuma aka fara gangamin It Gets Better na ƙarfafa wa irin waɗannan matasa gwiwa. Ke nan masu kallo sun zo da abin a ransu.

Na fara da fitowar bangaza. Ginin nata kusan ɗaya ne duk inda aka yi ta: baranda cike da ɗalibai, kamara na bin yaron, kafaɗa ta shigo daga gefe, ya bugu da loka, wato kabad ɗin ƙarfe da ɗalibai ke ajiye kaya, sai a matso da fuskarsa. 'Yan daƙiƙu ne kawai. Na kashe murya na sake kallo, sai turin ya koma ɗan abu. Rabin zafin a kunne yake, don irin wannan ƙara a ɗakin haɗa sauti ake ƙara mata kauri. Dalilin da masu shiri ke son loka ke nan: ana gani, ana ji, ba ta cin lokaci. Kashi ɗaya a tashar da ke saka talla kusan minti 43 ne kawai, kuma a wannan shirin waƙoƙi na cinye wani ɓangare.

Matsalar ita ce yawancin cin zalin ba shi da ƙara. Binciken da GLSEN, ƙungiyar kare ɗalibai irin su Kurt, ke yi tun 1999 a makarantun Amurka ya sha nuna cewa zagi da habaici sun fi duka yawa nesa ba kusa ba, ɗalibai da dama ba sa kai ƙara, kuma banɗaki da ɗakin canza kaya na cikin wuraren da suka fi gudu. Yaron da ya riƙe fitsari tun safe har tashi, ko ya daina zuwa darasin motsa jiki, ta ina kamara za ta kama shi? Sau da yawa ma ba a san komai game da shi ba, muryarsa ko tafiyarsa ce kawai ke jawo masa tsangwama. Duk wanda ya ji yadda ake jefa wa yaro “ɗan daudu” a filin makaranta ya san salon.

Bayan la'asar na zo inda nake da ja. A kashin 9 ga wata Kurt ya bi Karofsky ɗakin canza kaya ya tunkare shi, shi kuwa sai ya sumbace shi. Wato azzalumin ma abin da yake ɓoyewa ke nan. A wajen marubuci wannan riba ce: mugu ya samu sirri, an samu abin ja har zango na gaba. Shirin Sex Education na 2019 ya bi hanyar har ya zarce, Adam mai cin zalin Eric ya koma masoyinsa. Ana samun irin haka a zahiri, ban musa ba. Amma idan aka mayar da shi amsar kullum, laifin ya tattara kan yaro ɗaya mai rikici a zuci, sauran ajin da ke dariya da malamin da ya kau da kai sun fita fes.

Fitowar da ta fi kama da gaskiya ba ta da duka ko kaɗan. A kashin 23 ga wata mahaifin Kurt ya ji cewa an yi wa ɗansa barazanar kisa, aka zauna a ofis, shugabar makaranta ta kori Karofsky. Hukumar makarantun yankin ta soke korar saboda babu shaida. Wanda aka zalunta shi ya kwashe littattafansa, aka biya masa makarantar kuɗi da abin da mahaifinsa da amaryarsa suka tara don yawon amarci. Nan ne igiyar ke tsinkewa a makarantu na gaske: ƙorafi da baki, babu rana babu wuri a rubuce, babu sunan wanda ya gani. A 1999 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Davis, ta ce ana kama makaranta da laifi ne idan ta san da cin zarafi mai tsanani da ya shafi jinsi tsakanin ɗalibai ta yi biris da gangan. Shi ya sa lauyoyi ke cewa a rubuta komai, a ajiye kwafi. Jamie Nabozny na garin Ashland a jihar Wisconsin ya yi shekaru yana kai kuka ofis ba a yi komai ba. A 1996 kotu ta kama jami'an makarantar da laifi, aka sasanta kan kusan dala 900,000.

Sai dai shirin bai daɗe a ofishin ba. Takarda ba ta rera waƙa.

Da dare na leƙa kashin 21 ga Fabrairun 2012, inda Karofsky, bayan asirinsa ya tonu a sabuwar makaranta, ya yi yunƙurin kashe kansa. An saka sanarwar layin taimako na Trevor Project cikin tallan daren, abin da masana ke ba da shawara. Suna kuma gargaɗin kada a nuna hanyar da aka bi, kada a ja layi ɗaya daga zagi zuwa mutuwa kamar babu komai a tsakani, don matashi mai rauni na kallo. Ta nan fitowar yunƙurin ta nuna shirye-shiryensa fiye da yadda ya kamata. Na sa mata alama a minti, gobe zan auna tsawonta da na fitowar da aka nuna shi a asibiti.